Kalma Ɗaya, Aiki Uku: Gari, da Mutum, da Riga

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Mu kam mun ga ranar da ƙin tambaya ya ɓad da mu, har muka ja yara arba'in da biyu muka ɓata tare da su. Abin da ya sa ke nan muka ga ya kamata mu rubuta wannan darasi, domin 'yan'uwanmu da za su fita gwajin koyarwa bayanmu su tsallake ramin da muka faɗa. Ai in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ga yadda abin ya faru. Da hunturun bana aka rarraba mu makarantu, mu uku muka faɗa wata makarantar firamare a Tudun Wada, nan cikin Sakkwato, aka ba mu aji shida muna karɓa-karɓa. Ran nan muna darasin Ingilishi, mun sa yara suna karanta wata gajeriyar waƙa, a ƙarƙashinta kuwa an rubuta sunan mai ita, W. E. Henley. Sai wani yaro daga layin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, wannan suna shi ne a wuyan rigata." Muka ce ya matso. Ashe saboda sanyi ya sa wata riga ƙarƙashin ta makaranta, wadda ubansa ya saya masa wurin 'yan gwanjo. Ga kuwa ɗan ƙyalle a wuyanta, an buga masa baƙaƙe shidan nan, ba ragi ba ƙari. Yaron ya ce, "To, Malam, mai waƙar tela ne?"

Mu kuwa ba mu sani ba. Amma kunyar faɗin haka gaban yara ta kama mu, sai wanda ke riƙe da alli ya ce, "I, shi ne mai masaƙar da a ke yin rigunan." Sauran biyu muka gyaɗa kai. Yara suka duƙa, kowa ya rubuta cikin littafinsa.

Akwai wani dattijon malami zaune a bayan aji yana duba aikinmu. Bai ce kome ba sai da aka buga ƙararrawa. Sa'an nan ya kira mu ofis, ya shimfiɗa taswirar Ingila bisa tebur, ya ɗora yatsa a bakin wani kogi, ya ce mu karanta. Muka duba, sai ga sunan nan dai. Ya ce, "To, wannan fa? Shi ma mai masaƙar ne?" Muka sunkuyar da kai, muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ba mu sani ba." Ya ce, "Da abin da kuka faɗa wa yara ke nan ɗazu, da kun koya musu abu mai amfani. Na ba ku mako guda, ku binciko, ku koma ku gyara." Abin da muka samo cikin makon nan shi ne za mu zayyana muku.

Na farko: Gari

Asalin kalmar sunan wuri ce. Henley gari ne a Ingila, cikin lardin Oksfod, a bakin kogin Tems, watau kogin da ya ratsa birnin Landan. Yana yamma da Landan, tsakaninsu bai kai mil 40 ba. Sunan kuwa daga tsohon Ingilishi ya fito, irin wanda a ke yi shekara dubu da suka wuce, an haɗa kalma biyu ne, ɗaya ma'anarta wuri mai bisa, ɗaya kuma fili da aka share cikin kurmi. In za mu juya shi da Hausa sai mu ce filin tudu. Da muka karanta wannan sai dariya ta kama mu, gama mu da muka ɗauka wani babban sirri ne na Turawa, ashe a tudu mu ke tsaye muna neman tudu.

Da ya ke tudu ba ɗaya ba ne a ƙasa, garuruwa masu wannan suna suna da dama a Ingila. Saboda haka su kan ƙara wa kowane wata alama. Na bakin kogi su ce Henley-on-Thames, wani kuma da ke lardin Warik su ce Henley-in-Arden. Haka mu ma mu ke yi. Akwai Tudun Wada a Sakkwato, akwai a Zariya, da Kaduna, da Kano, da Gusau, da Jos, in ba ka ƙara sunan garin ba wasiƙarka ba ta isa. Haka kuma Birnin Kebbi, da Birnin Gwari, da Birnin Kudu, da Birnin Ƙonni. Yawancin sunayen garuruwan Ingila da mu ke jin nauyinsu, in aka fasa su, irin wannan ne. Oksfod ɗin nan da a ke ji da jami'arta, ma'anar sunanta mashigin shanu, watau inda ruwa ba zurfi har garke ya iya ƙetarewa.

Abin da ya ɗaukaka sunan Henley na bakin kogi shi ne tseren jiragen ruwa. Kogin ya miƙe sosai a wurin, babu kwana, saboda haka cikin 1829 ɗaliban Oksfod da na Kambirij suka yi tserensu na farko a can. Mutanen garin suka ga jama'ar da abin ya tara, da cinikin da aka yi, sai cikin 1839 suka kafa nasu bikin na shekara-shekara. Cikin 1851 Yarima Albat, mijin Sarauniya Biktoriya, ya zama uban bikin, tun daga nan a ke kiransa na sarauta. Har yanzu a kan yi shi farkon watan Yuli. Tsawon wurin tseren mil 1 ne da yadi 550, jirgi biyu-biyu a ke saki, wanda aka tsere wa ya fita, har a sami zakara. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara cikin 1934, ya ga tseren kwalekwale da a ke yi a can, to, ya san irin abin da mu ke nufi.

Na biyu: Mutum

Da can mutanen Ingila suna ɗaya gare su, kamar yadda kakanninmu su ke. Bayan da Normandawa suka ci ƙasar cikin 1066, aka shiga rubuta filaye da haraji, sai suna ɗaya ya kasa, gama a ƙauye guda sai ka sami mutum goma masu suna iri ɗaya. Aka dinga ƙara wa kowa laƙabi. Kafin shekara ta 1400 laƙabin nan ya zama abin gado a yawancin gidaje, ɗa ya ɗauki na ubansa, jika ya ɗauki na kakansa.

Ta hanya huɗu laƙabin ya samu. Akwai na sana'a: Smith maƙeri ne, Taylor kuwa maɗinki, daga nan ma muka aro kalmar tela. Akwai na siffa: Long shi ne Dogo, Short shi ne Gajere. Akwai na uba: Johnson ɗan John ke nan, kamar mu ce ɗan Musa. Na huɗu shi ne na gari, kuma a nan Henley ya faɗo. Mutum ya baro garinsu ya sauka wani wuri, a ka ce wane na Henley, a kwana a tashi "na" ɗin ya faɗi, sunan ya liƙe wa zuriyarsa.

Mai waƙar da muka karanta, William Ernest Henley, ba a Henley aka haife shi ba. A birnin Gulosta aka haife shi cikin 1849, sunan kawai ya gada. Tun yana yaro ciwon tarin fuka ya shiga ƙashinsa, har aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da ciwon ya kama ɗaya ƙafar aka ce ita ma a yanke, sai ya ƙi, ya tafi Edinbara wurin likita Joseph Lister, wanda ya shahara da tsabtace miki da kayan fiɗa domin kashe ƙwayoyin cuta. Ya kwanta asibiti daga 1873 zuwa 1875, ƙafar ta tsira. Yana kwance ne ya tsara waƙoƙinsa na jimiri, ciki har da wadda a ke kira Invictus. Abokinsa Robert Louis Stevenson kuwa shi ya duba ya siffanta ɗan fashin tekun nan mai ƙafa ɗaya cikin littafinsa Treasure Island, wanda ya fito cikin 1883. Henley ya yi aikin editan mujallu, ya rasu cikin 1903. Bai taɓa mallakar masaƙa ba. Kun ga girman ƙaryar da muka yi wa bawan Allah.

Na uku: Riga

Rigar da a ke kira Henley saƙar auduga ce mai miƙewa, wuyanta zagayayye, ba ta da kwala. An tsaga ta daga wuya zuwa ƙirji kamar ɗani guda ko ƙasa da haka, an jera maɓallai biyu zuwa biyar. Akwai mai dogon hannu, akwai mai gajere. Da fari rigar ciki ce ta maza a Ingila. Masu tuƙin jiragen tsere suka ga ta dace da aikinsu, domin kwala ta kan goge wuyan mai tuƙi, ita kuwa wannan ba ta da shi, in zufa ta zo kuma sai a ɓalle maɓalli iska ta shiga. Da ya ke a bikin Henley ne jama'a suka saba ganinta jikin matuƙa, sai sunan garin ya bi rigar. Saboda haka abin da ke wuyan yaron nan sunan irin ɗinkin ne, kamar a ce kaftani ko 'yar shara.

Ingilishi cike ya ke da irin wannan. Jersey tsibiri ne tsakanin Ingila da Faransa, mutanensa sun shahara da saƙa rigunan ulu na masunta, sunan tsibirin ya koma kan rigar, har ya iso bakin yaranmu masu buga ƙwallo suna cewa jesi. Cardigan gari ne a ƙasar Welis, sarautarsa wani basarake ke riƙe da ita wanda ya ja mahaya dawaki a yaƙin Kirimiya cikin 1854, yanzu kuwa sunan rigar sanyi ce mai maɓallai a gaba. Oksfod ma akwai yadin riga da a ke kira da sunanta.

Ashe muna da namu

Da muka kai nan sai ɗaya daga cikinmu ya ce, "Kai, ai wannan Shagari ne!" Muka duba, gaskiyarsa. Shagari gari ne kudu da Sakkwato, kusa da Yabo. A can aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu cikin 1925, ubansa shi ne Magajin garin. Ya yi Elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya komo ya koyar a Midil ta Sakkwato, watau malamin makaranta ne irin abin da mu ke nema mu zama. Sunan garinsu shi ya bi shi har ya zama Shugaban Ƙasa ran 1 ga Oktoba 1979, ya riƙe har 31 ga Disamba 1983. Doguwar hular nan mai aiki da ya saba sawa kuwa, har a Ikko da Ibadan Shagari a ke kiranta. Bai tsaya nan ba. Gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnatinsa ta gina a jihohi su ma an kira su da sunansa, har suka zama unguwanni, kamar wadda ke Kano. Ya rasu cikin 2018, aka kai shi Shagari aka rufe. Ku duba tafiyar kalma ɗaya: daga gari zuwa mutum, daga mutum zuwa hula, ta sake komawa sunan wuri.

Ga kuma rawanin nan baƙi mai sheƙi da a ke ce wa ɗan Kura. Kura gari ne kudu da Kano, inda a ke rina shi da baba, a buge shi har ya yi walƙiya, Buzaye su saya su kai Agadas da gaba. Mutane da yawa kuma suna amsa Kura a ƙarshen sunansu. Haka hular da a ke kira 'yar Bama, da sunan garin Bama na ƙasar Barno.

Mu da muka fara da allo kafin boko, ashe tun a zaure muka san wannan hanya. Buhara birni ne a ƙasar da a ke kira Uzbekistan yau. A can aka haifi Imam Muhammadu ɗan Isma'ila cikin 810, aka danganta shi da birninsu aka ce Albuhari. Yau in malami ya ce a ɗauko masa Buhari, littafi ya ke nufi, in kuwa an raɗa wa jariri Buhari, ya zama sunan yanka. Ƙurɗabi da mu ke biyawa bayan Ahalari da Ishmawi, asalinsa Ƙurɗuba, birni ne a Andalus, watau cikin ƙasar Sifen. Sunan birni ya hau kan malami, na malami ya hau kan littafi. Da mun tuna da wannan ran nan a aji, da ba mu ji kunya ba.

Inda suna ke yaudara

Amma fa a yi hattara, ba kullum suna ke faɗin gaskiyar asali ba. Misalin da ya fi taɓa mu shi ne na fata. Jar akuyar Sakkwato fatarta na cikin mafiya kyau a duniya, majemanmu su ke jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi. Fatake su kan ɗauke ta, ta bi ta Kano, ta ƙetare Sahara bisa raƙuma zuwa gaɓar Bahar Rum. Turawa da suka saye ta a can suna yi wa littattafansu bango da ita, sai suka haɗa ta da sauran fatun Arewacin Afirka suka kira ta fatar Maroko. Akuya tamu, jima tamu, suna na wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya nuna sau da yawa kaya su kan ɗauki sunan inda mai saye ya gan su, ko da can wani wuri aka yi su. Rigar yaron nan ma da muka sake duba ƙyallen wuyanta, a wata ƙasa ta Asiya aka ɗinka ta, ba ta taɓa ganin kogin Tems ba.

Wani lokaci kuma suna ya kan sāke kama har a kasa gane shi. Harcourt ƙauye ne a Normandi ta ƙasar Faransa. Ya zama sunan wani gida a Ingila. Wani ɗan gidan, Lewis Harcourt, shi ne Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka sa'ad da aka kafa sabuwar tashar jiragen ruwa a kudancin Nijeriya, cikin 1913 aka sa mata sunansa. Bahaushe ya ji, ya gyara shi daidai bakinsa, ya ce Fatakwal. Wa zai ji Fatakwal ya tuna da wani ƙauye a Faransa?

Yadda za a gane wanda a ke nufi

To, in ɗalibi ya gamu da irin wannan kalma cikin karatu, ƙaƙa zai san ko gari ne, ko mutum, ko riga? Ga hanya huɗu da muka tsara.

Ta farko, ya dubi baƙin farko. Sunan mutum da na gari kullum da babban baƙi a ke fara su. Sunan tufa kuwa in ya daɗe a bakin mutane ya kan sauko ƙaramin baƙi, kamar jersey da cardigan. Amma wannan kaɗai ba ta isa ba, domin rigar Henley wasu da babba su ke rubuta ta, wasu da ƙarami.

Ta biyu, ya dubi abin da ya gabaci kalmar. In ya ga Mr. ko baƙaƙen taƙaita suna irin W. E., mutum ne. In ya ga at, ko to, ko from, galibi wuri ne. In kuwa ya ga a, to, abu ne da a ke ƙirgawa, watau riga.

Ta uku, wadda ta fi duka ƙarfi, ya dubi aikin da ke cikin jimlar. Wanda ya rubuta, ya ce, ya kwanta ciwo, mutum ne. Inda a ke zuwa, a sauka, a kwana, wuri ne. Abin da a ke sawa, a wanke, a shanya, tufa ce.

Ta huɗu, in ya buɗe ƙamus kada ya tsaya kan ma'anar farko, ya karanta har ƙasa. Ya kuma sani ƙaramin ƙamus ba ya kawo sunayen garuruwa da na mutane, sai a nemi gari cikin jerin sunaye na bayan littafin taswira.

Domin gwaji muka ƙaga wannan jimla: Mr. Henley went to Henley in a henley. Takwararta da Hausa ita ce: Shagari ya sauka Shagari da shagari a kansa. Babu ɗan Sakkwato da zai ji ta biyun ya rikice. Wanda kuwa ya warware ta biyu, ya riga ya riƙe mabuɗin ta farko.

Rajista a hannunmu

Akwai wani abu da wannan bincike ya tuna mana, wanda ya shafi aikinmu kai tsaye. Abin da ya auku a Ingila shekara ɗari shida da suka wuce, shi ya auku a ƙasarmu da zuwan boko. Da aka buɗe makarantun Midil, da Kwalejin Katsina cikin 1922, sai aka tara yara daga larduna, aji guda ya cika da Muhammadu da Abubakar da Ahmadu. Malamai suka dinga ƙara wa kowa sunan garinsu cikin rajista. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Ahmadu Raɓa aka san shi a makaranta. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan wani gari ne na ƙasar Bauchi ya ke amsawa. Haka Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur. Yau ga jikokin mutanen wancan zamani, an haife su a Kaduna ko Abuja, suna amsa sunan ƙauyen da ba su taɓa kwana cikinsa ba, daidai da mai waƙar nan na Gulosta.

Alƙalamin da ya yi wannan aiki kuwa na malamin aji ɗaya ne, gobe kuma mu ne za mu riƙe shi. Sunan da muka rubuta wa yaro ran da aka kawo shi, shi zai hau takardar shaidarsa, ya hau katin ɗan ƙasa, da fasfo, da littafin banki. In muka rubuta sunan gari bana, wani malami ya rubuta na uba baɗi, to, mun haɗa yaron da wahalar rantsuwa a kotu da yawon ofis-ofis bayan shekara goma, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka kada mu yanke wa yaro suna don saurin aiki. Mu tambayi uban yaro ko waliyyinsa sunan da su ke so ya tabbata, mu karanta musu abin da muka rubuta su ji, mu sa ƙugiya inda ta ke, domin Baƙo daban, Bako daban. Ran nan da muka duba rajistar ajinmu mun sami yara uku da sunansu na rajista ya saɓa da wanda ke bangon littattafansu. Muka kai wa hedimasta, aka aika wa iyayensu.

Komawa aji

Da mako ya cika muka koma. Dattijon nan yana zaune inda ya saba. Muka ce wa yara su buɗe littattafansu, su ja layi bisa abin da suka rubuta ran nan, domin kuskure ne, kuma mu muka yi shi. Aji ya yi tsit, ba su saba jin malami ya faɗi haka ba. Ba mu fara da Ingila ba. Muka rubuta Shagari a allo, muka ce wa ya san shi? Wannan ya ce garin kakarsa ne, wannan ya ce Shugaban Ƙasa ne na da, wancan ya ce hular babansa ce. Muka ce duk kun yi daidai. Sa'an nan muka rubuta Henley a gefensa, muka ja layi uku, yara da kansu suka cika su. Darasin da muka ji tsoro bai ci minti ashirin ba.

Da muka faɗa musu ma'anar sunan, sai mai rigar ya sake ɗaga hannu, ya ce, "Ashe, Malam, rigata 'yar Tudun Wada ce." Aji ya fashe da dariya, har dattijon ya murmusa. Da muka fito ya ce mana, "Yau kun koyar. Ku riƙe wannan, yaro da abin da ya zo da shi daga gida a ke kama hannunsa a kai shi ga abin da bai sani ba."

Muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai, wanda duk ya tafi hutu, ya tambayi tsofaffin garinsu ma'anar sunan garin, ya kuma rubuto mana sunayen tufafi, ko abinci, ko kayan aiki, waɗanda aka kira da sunan wani gari ko wani mutum. In sun taru sai mu roƙi Edita ya ba mu fili mu jera su cikin fitowa ta gaba, kowane da sunan wanda ya kawo shi. Malamanmu kuma in sun ga inda muka karkace, muna jiran gyara.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani. Wasalam.